Jitar da aka fafe wa wuya: abin da take bayarwa da abin da take karɓa

Duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san cewa fuskar wuyanta shimfiɗaɗɗen katako ne da aka gitta wa siraran ƙarafa, tun daga kai har zuwa inda wuya ya haɗu da ciki. Waɗannan ƙarafa, da za mu kira shingaye a wannan rubutu, su ne ke yanke wa tsirkiya tsawon da za ta yi rawa a kansa, saboda haka su ne ke ƙayyade amon da zai fito. Makaɗi yana danna tsirkiya a bayan shinge, ta kwanta a kan ƙarfen, tsokar yatsansa kuma ta sauka a kan katako ta tsaya.

Akwai wasu makaɗa, ba su da yawa amma sunayensu manya ne, da suka ga wannan katako yana tare musu hanya. Sai suka sa aka fafe shi. Aka bi kowane fili da ke tsakanin shinge da shinge da magagari da samfefa, aka rarake shi ya zama kwarmi, har wuyan ya koma kamar gonar da aka yi wa huɗa, kunya na bin kwari. A irin wannan jita yatsa ba ya taɓa komai sai tsirkiya.

Sunan da fafaffen wuya ya yi a tsakanin matasan makaɗa shi ne yana sa hannu sauri, kuma da wannan zato mutane da dama suka kai jitarsu wurin masassaƙi. Ra'ayina shi ne an yi wa dabarar gurguwar fahimta. Abin da fafewa ke yi shi ne ta ɗauke alhakin daidaiton amo daga kan katako ta ɗora shi a kan yatsa da kunnen makaɗi. Wanda kiɗansa ke bukatar wannan iko ya sami babbar riba. Wanda kiɗansa ba ya bukata ya sayi wahala, kuma ya saye ta da katakon da ba zai sake tsirowa ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin yatsa

Abubuwa uku ne ke ƙayyade amon tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da yadda aka tamke ta. Mai karatun da ya san kalangu ya riga ya san na ukun. Makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammata, fata ta tamke, murya ta hau. Ya sassauta, murya ta sauka. Haka tsirkiya take.

Wuyan jita an tsara shi ne a kan na farko, wato tsawo. Kiɗan Turai ya raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, kowane gida ana ce masa rabin mataki, shingaye kuma wannan lissafi ne aka mayar ƙarfe. A jitar Fender Stratocaster tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki milimita 648 ne. Shinge na 12 yana tsakiya cif, a milimita 324. Fili na farko ya kai kimanin milimita 36, daga nan filayen suna ta tsukewa har wanda ke tsakanin shinge na 20 da na 21 bai kai milimita 12 ba.

Wannan lissafi yana tafiya ne bisa sharaɗi guda: kada dannawa ta ƙara wa tsirkiya tamkewa fiye da ɗan abin da maƙeri ya yi tanadinsa. Katako shi ne mai gadin sharaɗin. Ko da makaɗi ya danna da ƙarfin tsiya, yatsansa zai ci karo da katako ya tsaya, kuskuren ba zai yi nisa ba. Da zarar an fafe wurin, babu sauran mai gadi. Yatsa na iya ci gaba da tura tsirkiya cikin kwarmi, tana miƙewa, tana tamkewa, amo yana hawa.

Ƙaramin motsi ya isa. Idan tamkewa ta ƙaru da kashi 2 cikin 100, adadin rawar tsirkiya yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100. Amon da ake saita kayan kiɗa da shi yana rawa sau 440 a daƙiƙa. Da wannan ƙari zai koma kusan 444. Idan wani makaɗi a gefe yana riƙe da 440 na gaskiya, kunne zai ji muryoyin biyu suna gogar juna kamar sau huɗu a kowace daƙiƙa, ko wanda bai taɓa koyon kiɗa ba zai ji akwai abin da bai zauna ba. Hawa rabin mataki cikakke kuwa ƙarin tamkewa na kashi 12 cikin 100 kawai yake bukata. Dukan ribar fafaffen wuya da dukan asararsa daga wannan wuri guda suke fitowa.

Inda dabarar take da gida

Dabarar ta daɗe tana nan a kudancin Indiya. Kayan kiɗan da ake kira vina, musamman irin da ake jingina wa sunan Saraswati, yana da shingayen tagulla 24 da aka kafa a kan baƙin kakin zuma, kakin kuma an rarake shi tsakanin kowane shinge da na kusa da shi. Dalilin yana cikin kiɗan kansa. A kiɗan gargajiya na kudancin Indiya amo ba ya tsayawa cik a wuri ɗaya. Ana shiga cikinsa da zamewa, a kaɗa shi, a ja shi sama a dawo, kuma waɗannan motsi da suke kira gamaka su ne ke bambanta wani salon waƙa da wani, ko da amonsu iri ɗaya ne a rubuce. Kayan kiɗan da ba ya iya yin gamaka bebe ne a wannan al'ada.

Misali na biyu ya fi kusa da batunmu, domin jitar kanta aka ɗauka. A farkon rabin ƙarni na 20 makaɗan kudancin Biyetnam suka karɓi jitar Turai, suka tarar ba ta iya bin muryar mawaƙansu. Harshensu, kamar Hausa, harshe ne da hawa da saukar murya ke sauya ma'anar kalma, waƙarsu kuma tana bin wannan lanƙwasa. Suna da nasu kayan kiɗa masu dogayen shingaye da ake danna tsirkiyarsu ƙasa don amo ya hau. Sai suka fafe wuyan jita da zurfi sosai, suka sauya yadda ake ɗaure tsirkiyoyi, suka sami abin da suke kira phím lõm, wato lotsattsen allo. Yau wannan jita ginshiƙi ce a wasan kwaikwayon waƙa na cải lương, da waƙar vọng cổ, da kiɗan đờn ca tài tử wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2013. A hannun waɗannan makaɗa dannawa cikin kwarmi ita ce ainihin fasahar, ba kuskuren da ake gudu ba.

Baturen da ya fi fahimtar wannan shi ne John McLaughlin, mutumin Ingila da ya yi kiɗa da Miles Davis. Ya koyi vina a Amurka, sannan ya kafa ƙungiyar Shakti tare da Zakir Hussain mai kiɗan tabla da L. Shankar mai goge irin na Turai, faifansu na farko ya fito a 1976. Domin ya iya zama cikin waɗannan mutane ya amsa musu da harshensu, sai aka ƙera masa jita ta musamman a kamfanin Gibson, aikin Abraham Wechter, mai fafaffen wuya da ƙarin tsirkiyoyi bakwai da aka gitta a kan cikinta. A nan ma bukatar ce ta riga gyara. Kiɗan ya nemi abin da jitar ba ta da shi, sai aka sassaƙa jitar ta dace.

Yadda aka ɗauke ta maganin sauri

A kiɗan rok mutum biyu ne suka fito da fafaffen wuya fili. Na farko Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple, daga baya Rainbow, wanda tun shekarun 1970 yake fafe wuyan jitocinsa na Stratocaster. Na biyu Yngwie Malmsteen, ɗan ƙasar Suwidin da aka haifa a 1963. Labarin da ya saba bayarwa shi ne yana yaro yana aiki a shagon gyaran kayan kiɗa aka kawo wani tsohon molon Turai mai rarakakken wuya, ya gwada haka a kan jitarsa, ya ji ta kama masa hannu. Faifansa Rising Force na 1984 ya girgiza matasan makaɗa da irin gudun da ba su saba ji ba, salon da ya ɗauko daga Paganini da Bach. A 1988 kamfanin Fender ya fara sayar da jita mai ɗauke da sunansa, wuyanta a fafe.

Daga nan zato ya samo tushe. Mutane suka ga mafi saurin hannu a zamaninsa yana riƙe da wuya mai ban mamaki, suka haɗa biyun. Shi kansa Malmsteen ya sha bayyana cewa don riƙon tsirkiya yake fafewa, ba don gudu ba. Hankali ma yana tare da shi. Sauri yana zuwa ne daga daidaituwar hannu biyu, mai dannawa da mai kaɗawa, da rage motsin da ba shi da amfani. Kwarmi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Paco de Lucía, gwanin flamenko na Sifen, ya yi gudun da har yau ake mamakinsa a kan shimfiɗaɗɗen katako.

Masu kare zaton suna da hujja ɗaya da ta cancanci a saurara. Sukan ce fafaffen wuya yana tilasta wa mutum sassauta hannu, tunda duk dannawar da ta wuce kima nan take kunne zai kama ta, sassaucin hannu kuwa shi ne ƙofar sauri. Gaskiya ne. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne kwarmi malami ne mai bulala. Darasin da yake koyarwa ana iya koyonsa a kan kowace jita: a danna tsirkiya, a riƙa sassautawa har amo ya fara gurɓata, a ƙara ɗan kaɗan, a riƙe wannan ma'auni. Ba sai an yanka katako ba.

Ribar gaskiya

Riba ta farko kuma mafi girma ita ce riƙo. Idan makaɗi zai tura tsirkiya gefe don amo ya hau, dole tsokar yatsa ta shiga gefen tsirkiyar ta kama ta. A kan shimfiɗaɗɗen katako mai gajerun shingaye yatsa yana gogar katako, gumi da fenti suna riƙe shi, wani lokaci tsirkiya ta kufce. A kan kwarmi yatsa yana shiga ƙarƙashinta sosai, babu abin da ke gogarsa. Turawar tana yin sauƙi, tsayawa a inda ake so tana yin tabbas.

Ta biyu ita ce kaɗa amo, wannan karkarwa da ke sa tsirkiya ta yi kamar muryar mutum. Fafaffen wuya yana ba ta faɗi da santsi, kuma yana buɗe wata hanya da ba ta samuwa a jitar yau da kullum: kaɗawa ta dannawa ƙasa da sassautawa, ba tare da an tura gefe ba. Ta nan ake samun amon da ke tsakanin shinge da shinge, waɗanda lissafin gida 12 bai san da su ba. Mai goge a ƙasar Hausa bai taɓa rasa waɗannan ba, domin tsirkiyarsa a sama take, yatsunsa na taɓa ta ba tare da sun kwantar da ita a kan itace ba. Fafewa tana maido wa jita wani yanki na wannan 'yanci, ba tare da ta rasa shingayenta ba.

Ta uku ƙarama ce amma makaɗa suna jin daɗinta: fizge yatsa daga kan tsirkiya don amon ƙasa ya fito yana yin tsabta, tunda akwai wurin da yatsa zai faɗa.

Akwai ribar da ake jingina wa fafewa wadda ba tata ba ce. Wasu sukan ce tana gyara muryar jita. Ɓangaren tsirkiya da ke rawa yana tsakanin shinge da jaki ne, kwarmin kuwa yana bayan shinge. Duk sauyin da aka ji, daga hannun makaɗi ya fito.

Kowane allazi da nasa amanu

Asara ta farko tana bayyana ne a wurin haɗa amo. Mafi yawan aikin jita, a ɗakin ɗaukar sauti ko a kan dandamali, danna tsirkiya uku ko huɗu ko shida ne lokaci guda don raka mawaƙi. Yatsun mutum ba su da ƙarfi ɗaya. Manuni ya fi ƙaramin yatsa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma idan hannu ya miƙe wani yatsa kan danna fiye da wani ba tare da mai shi ya sani ba. A kan katako wannan bambanci yana ɓacewa. A kan kwarmi kowane yatsa yana da nasa amon, haɗin ya fito a karkace. Abin ya fi muni a filayen farko kusa da kai, domin sun fi faɗi, tsirkiya ta fi saurin nutsewa a cikinsu, kuma a nan ne ake yin mafi yawan haɗin amo. Siraran tsirkiyoyi, irin waɗanda masu son turawa suka fi so, suna ƙara tsananta matsalar saboda laushinsu.

Ta biyu ta shafi halin ɗan Adam. Sassaucin hannun da aka koya a ɗaki shi ne abu na farko da ke guduwa idan mutum ya tsaya gaban jama'a. Fargaba tana sa a damƙe wuya, gajiya ma haka. Jitar yau da kullum tana rufa wa mai ita asiri a irin wannan lokaci. Fafaffiya tana tona shi, kuma tana tona shi a gaban mai fiyano da sauran abokan kiɗa waɗanda amonsu ba ya motsi.

Ta uku ita ce zamewa. Jan yatsa a tsawon wuya daga wannan shinge zuwa wancan yana zama kamar tafiya a hanya mai kunyoyi, musamman ga wanda bai saba ɗaga nauyin hannunsa ba.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi damuna, domin sauran ukun ana iya shawo kansu da horo. Fafewa ba ta da komawa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Allon da ke fuskar wuya siriri ne, galibi kaurinsa kimanin milimita shida. A cikinsa aka dasa ɗige-ɗigen da ke nuna wa makaɗi inda yake, a ƙarƙashinsa kuma akwai sandar ƙarfe da ke hana wuya lanƙwashewa. Masassaƙin da bai ƙware ba yana iya cinye ɗigon, ya kankare gefen shinge, ya yi kwarmin da bai daidaita ba, ko ya rage naman wuyan har saitinsa ya sauya. Ko aikin ya yi kyau, masu sayen fafaffiyar jita kaɗan ne, don haka darajarta a kasuwa takan faɗi. Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowace jita. Wuyan Stratocaster da sukurori huɗu aka ɗaure shi, ana iya kwancewa a sa wani. Wuyan Gibson Les Paul da gam aka haɗa shi da ciki, gyaransa babban aiki ne mai tsada.

Abin da ya fi dacewa

Abin lura shi ne da dama daga cikin gwanayen da suka rungumi dabarar ba su ɗauke ta gaba ɗayanta ba. Fafewar Blackmore tana farawa da ɗan kaɗan a kusa da kai, tana ƙara zurfi yayin da ake hawa. Jitar Ibanez JEM ta Steve Vai, wadda ta fito a 1987, filaye huɗu na ƙarshe kawai aka fafe mata, daga na 21 zuwa na 24, inda fili yake kimanin santimita ɗaya kuma yatsa ba ya samun wurin kama tsirkiya. Wannan tsari ya bi lissafin da muka gani a sama: asarar ta fi yawa a inda fili yake da faɗi, ribar ta fi yawa a inda ya tsuke.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar magagari ko kaɗan, wato dogayen shingaye. Tsofaffin jitoci suna da shinge mai tsayin kimanin milimita ɗaya, manyan na zamani kuwa suna kaiwa kusan ɗaya da rabi. Wannan ɗan ƙari ya isa ya ɗaga yatsan mai sassaucin hannu daga kan katako, ya ba shi mafi yawan riƙon da ake nema. Shinge kuma abin sauyawa ne. Idan bai yi ba, a cire a sa wani. Kuma kada a manta B.B. King ya yi kaɗa amon da ake gane shi da shi daga amo ɗaya tak, bai fafe wuyan jitarsa ba.

Saboda haka tambayar da ya kamata makaɗi ya yi wa kansa ita ce: wane amo nake ji a kaina wanda wannan katako ya hana ni fitarwa? Makaɗan Biyetnam suna da amsa, McLaughlin yana da amsa, Malmsteen ma yana da tasa. Wanda amsarsa ita ce yana son ya yi gudu irin na wane, to lokacinsa ya fi amfani a wurin horo. Wanda kuwa yake da amsa ta gaskiya, yana bin muryar mawaƙi ko salon da ke zaune tsakanin shingaye, ya fara da dogayen shingaye. Idan ba su ishe shi ba, ya nemi wuya na biyu mai araha a fafe masa daga shinge na 12 zuwa sama, ya ajiye na asali a wuri mai kyau, ya yi watanni yana kiɗa da sabon a ɗaki da gaban jama'a kafin ya yanke hukunci a kan jitar da yake ji da ita.